Ledar da Jar Akuya Ta Haɗiye

Ringim, Litinin

'Yata Afra'u,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Falalu direba ya kawo takardarki, wai in riƙa tara miki ragowar abincin rumfata a duro. Don darajar mahaifinki na tara na kwana uku. Afra'u, warin ya kori masu cin abinci, ƙuda ya rufe bakin duron baƙi ƙirin. Duk karatun nan a ruɓaɓɓen tumatir kika ƙare? Tir! Na kifar da shi.

Gwaggonki, Bilki

Dutse, Alhamis

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. A ɗakin bincikenmu muna kiwon wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu jure gishiri. Mukan tace ruwan ragowar abinci mu zuba gishiri mai yawa, ya hana sauran ƙwayoyi yaɗuwa, namu kuwa su ci su tara roba a jikinsu. Ga leda ɗaya da muka yi da ita, ruɓewa take a ƙasa. Idan ban sami duron ba, gwajina zai tsaya.

Taki, Afra'u

Ringim, Asabar

Afra'u,

Gaisuwa. Ledar da aka tatso daga ƙazanta zan taɓa da hannuna? Da tsinke na ɗauke ta na wurga bayan rumfa, jar akuyata mai ciki ta haɗiye ta. Kin san leda ce ta kashe uwarta bara. A gabana mahauci ya zaro dunƙule mai ɗoyi daga tumbinta, sai da na yi amai. Jar akuyar nan ita kaɗai ta rage mini. In ta mutu, kada ki sake rubuto mini.

Bilki

Dutse, Lahadi

Gwaggo,

Allah Ya huci zuciyarki. Ba zan yi miki ƙarya ba, a ƙasa muka gwada ledar, ba a cikin dabba ba. Ki kira malamin dabbobi yau ɗin nan. Hankalina yana wurinki.

Taki, Afra'u

Ringim, bayan sati uku

'Yata,

Ina gajiya? Jiya akuyar ta haifi biyu, tana ta tuƙa abinta. Duro yana motar Falalu, da mayafi na toshe hanci na cika shi, Falalun ma yana ta tofar da yawu. Har gobe ƙazanta ce. Ki yi ledarki da yawa saboda awakin mutane, amma kada ki sa rai zan ƙulla alala a ciki.

Allah Ya yi miki albarka.

Gwaggonki, Bilki