Kwalaye Uku a Kan Firji

Zuwa ga maigidana Lyle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da gwiwarka da tsohon karenka. Maganin nan, sha kake yi ko kallonsa kake yi? Na ɗauki biro ne tunda kunnenka da waya ba sa ga maciji.

Na ce maka mako guda zan yi a gidan yaran nan, amma ban ga ranar tahowa ba. 'Yarka Corinne ta rame. Ka san tun da ta ajiye aiki don ta koyar da jikarmu Josie a gida, karatu da lissafi suna tafiya. Ilimin sinadarai ne ya tsaya, kuma shi yarinyar ta fi so. Shekararta bakwai, amma duk abin da ta samu sai ta zuba shi cikin wani ta ga abin da zai faru.

Tun bazara uwar ta yi mata alkawarin manhaja ta aiki da hannu. Ta sayo ɗaya. Matan ƙungiyarsu ta masu koyarwa a gida suka ce bidiyo ya yi yawa a cikinta. Ta sayo ta biyu, aka ce wasa ce kawai, ba bayani. Ta sayo ta uku, mai kwalabe da ƙaton littafin malami, aka ce ta fi ƙarfin yaro. Yanzu kwalaye uku ne a kan firji, kowanne cikin ledarsa. Ka san dokar masu sayar da su: kwalin da ba a yage ba ana mayar da shi, ko a sayar wa wata uwa kamar sabo. Saboda haka ba mai taɓawa. Ruwan ido ya kama ta, Lyle, har abinci take ci tana karanta ra'ayoyin mutane.

Mijinta Brent ya ce in bikin godiya na watan Nuwamba ya wuce ba a fara ba, da sabuwar shekara Josie za ta hau motar makaranta. Ba da faɗa ya faɗa ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Corinne ta ce ta yarda.

Ka riƙa rufe kaji da wuri. Ka gaida maƙwabta.

Taka,
Verna

Maigida Lyle,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi dusar ƙanƙara a wajenku. Kada ka ɗauki shebur don kwashe ta, ka kira ɗan maƙwabcinmu Halvorson.

Nan dai jiya i yau. A da Josie kan jawo kujera ta hau, ta karanta bayan kwalayen da ƙarfi, ta tambayi yaushe. Yanzu ta daina tambaya. Shekaranjiya na same ta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke tana dama sabulu da man gashi a kofi, ga kwalbar bilic, ruwan cire tabon nan mai guba, kusa da gwiwarta. Ba ta kai gare ta ba, Allah ya kiyaye. Corinne ta sa kwaɗo a wurin, ta shige ɗaki ta yi kuka.

Na ce mata ta rufe ido ta ɗauki ɗaya, da babu gara ba daɗi. Ta ce ban gane ba, ita ce malama, ita ce shugabar makaranta, in ta yi zaɓen tumun dare ba wanda za ta ɗora wa laifi. Na tuna shekarar da ka yi kana zagaya tarakta uku ka kasa zaɓen wadda za ka saya, har ciyawa ta fi ka tsawo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ni kaina na kasa zama. In saƙa hula, in warware, in leƙa taga. Sau biyu ina ɗaukar wuƙa don in yage ledar nan a huta, sai in ajiye. In na yage, ni na zaɓa, gobe kuma ba ni zan tsaya gaban yarinyar ba. Biki saura ƙiris.

Ka ci abinci mai zafi, ba biskit ba.

Matarka,
Verna

Tsohona Lyle,

Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri da ka ci talotalo a gidan mutane. Ya gwiwa?

Zauna ka ji. Jajibirin biki ina dafa jan kabeji yadda mahaifiyarka ta koya mini, Josie na kan kujera tana yanka mini tuffa. Kabejin ya yi shuɗi-shuɗi a tukunya kamar kullum, na tsiyaya masa ruwan khal mai tsami, nan take ya koma ja. Yarinyar ta ƙwala ihu har na yar da cokali. Ta ce, Kaka, me ya sa? Na ce shekara hamsin ina yi, ban taɓa tambayar kabeji ba, shi ma bai taɓa gaya mini ba.

Sai ta juya ga uwarta. Corinne ta ce ta san akwai wannan darasin a ɗaya daga cikin kwalayen, ta karanta, amma ta manta wanne, za ta bincika tukuna. Josie ta dubi saman firji, ta ce, ba komai, Mama. Ta sauka daga kujera a hankali, ta mayar da ita wurinta.

Wannan ba komai ɗin, Lyle, ni ma sai da ya soke ni. Corinne ta karɓe wuƙar daga hannuna. Ta farke na farko, babu. Ta farke na biyu, babu. A na uku aka samu, wanda aka ce ya fi ƙarfin yaro.

Brent ya shigo ya ga ledoji a ƙasa, ya ce, duka ukun, malama? Ta ce duka, in yana da magana ya ɗaga hannu. Ya ɗaga, ya ce ko a kwalayen akwai tabarau na kare ido daidai kansa.

Kofuna suka jera. Lemon tsami ya mayar da ruwan kabeji ruwan hoda, sodar yin burodi ta mayar da shi kore. Suka ƙarar mini da tukunya guda, muka yi biki ba kabeji. Har yanzu ba ta zaɓa ba, sai dai ba kwalin da zai koma, kuma Litinin suka yi darasin farko. Brent ya ce motar makaranta ta ci gaba da wucewa abinta.

Ka zo ka ɗauke ni, ka taho da guduma, suna bukatar a kafa musu kantar jera kwalabe. Dalilin da kabeji ke ja kuwa, Josie ta ce ita za ta gaya maka, a kunnenka mai ji.

Taka har kullum,
Verna