Tambayar Gwaggo Melenaite

Brisbane

Gwaggo Melenaite,

Gaisuwa da ladabi, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma kowa a tsibiranmu na Ha'apai, can Tonga, yana lafiya.

Albishirinki. Wata babbar injiniyar ruwa, Robyn Pritchard, ta yarda mu sha gahawa tare. Ba ganawar ɗaukar aiki ba ce. A nan haka ake yi: ka nemi wanda ya daɗe a sana'a, ka yi masa tambayoyi, ba ka roƙi komai ba, ko ya tuna da kai wata rana. Takardar izinin zamana a ƙasar nan za ta ƙare bayan Kirsimeti. In ban sami aiki ba, zan dawo gida da digirin injiniya da hannun da bai iya komai ba sai figar kaji a masana'anta. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki, Kalolaine

Ha'apai

Kalo,

Muna lafiya, ƙafa tana nan da halinta.

Tambayoyi? Ke za ki titsiye sa'ar uwarki da tambaya kamar 'yar sanda? Wa ya rene ki? Ki ɗaura tabarmar girmamawa irin ta al'adarmu a ƙugu kamar za ki coci, ki sunkuyar da kai, ki bar ta ta yi magana. Babba yana gane yaron kirki daga shirunsa. Kada ki ja mana abin faɗa a ƙasar mutane.

Allah ya tsare. Gwaggonki

Brisbane

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na bi maganarki tsaf.

Ta zo da gajeren wando, ta ce, "Kira ni Robyn kawai. To, me kike son sani?" Na kafa wa tebur ido. Ta jira. Ta ce, "Ba ki da tambaya ko ɗaya?" Na ce, "Duk abin da kika ga ya dace." Gahawa ta huce, ta duba agogo, ta ce ta ji daɗin ganina, ta tafi. A wurinta shiruna na nufin ban damu da aikin ba. Na yi kuka a bas har direba ya waiwayo.

Amma ban haƙura ba. Na rubuta mata cewa a gidanmu yaro ba ya tambayar babba, na roƙi ta sake ba ni dama. Ta amsa, "Ai da kin faɗa! Zo ƙarshen wata." Gwaggo, ki yafe ni, wannan karon zan dube ta ido cikin ido. Zan fara da rijiyoyinmu da suka yi zartsi tun bayan guguwa.

'Yarki, Kalolaine

Ha'apai

Kalo,

Na ji, ban kuma ji daɗi ba. Amma tunda kin rantse sai kin yi rashin kunya, ki tambaye ta me ya sa ruwan saman da nake tarawa a tankina yake ɗanɗanon tsatsa, ga tankin sabo ne.

Gwaggonki

Brisbane

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Na je, tabarmata a ƙugu, bakina a buɗe. Ina yin tambayar farko na manta da tsoro. Ta soke wani taro saboda hirar rijiyoyin, har tana zana mini yadda ruwan teku yake kutsowa ta ƙarƙashin ƙasa. Ban roƙi aiki ba, ba ta kuma ba ni ba. Da za mu tashi na ce, "Wa kuma ya kamata in gani?" Ta haɗa ni da wani Mista Halloran, mai neman injiniyan da ya iya yaren Tonga. Zan gan shi wata mai zuwa.

Tankinki kuwa lafiyarsa lau, ta ce indararon rufin ne ya ruɓe. Ta ce wa ya aiko da tambayar? Na ce matar da ta hana ni tambaya. Ta yi dariya har da ƙwarewa.

'Yarki, Kalolaine

Ha'apai

Kalo,

An canza indararon, ruwa ya yi daɗi. In kin je gaban mutumin nan ki ɗaura tabarmar, amma ki ɗaga kanki. Kada ki kuskura ki dawo mini da tambaya ko ɗaya a ciki.

Gwaggonki