Faifan da Aka Ɗaura a Juye

Anti MaNkala, don Allah ki taimake ni kafin na ɓata da ɗana a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannuna ba.

Maigidana ya rasu shekara biyu ke nan. Bakanike ne a gidan gyaran jiragen ƙasa na nan Bulawayo, mai alfahari da hannunsa, ko gwangwani bai yarda wani ya buɗe masa ba. Ya bar mini tsohuwar motarsa ƙirar Morris 'yar Ingila, koriya. Tun da ya sauke injinta ya sake haɗawa da kansa, shekara ashirin da biyu baya, take wata ƙara, caka-caka-caka, daga gaba. Maƙwabta suna tsokanarsa wai keken ɗinki yake tuƙawa. Ni kuwa yana shan kwanar coci zan ji shi, na ɗora ruwan tuwo. Sau ɗaya ya taɓa cewa ran Asabar zai gyara, na ce to ni da me zan san lokacin ɗora tukunya? Ya yi dariya. Asabar ɗin ba ta taɓa zuwa ba, kin san halin maza.

Ba zan ɓoye miki ba, kowace Lahadi nakan tada motar, na shiga kicin na tsaya ina saurare. Kewarsa ta ishe ni, Anti.

Wata mai zuwa za mu je garin Tsholotsho bikin buɗe dutsen tunawa da aka kafa a kabarinsa, kuma na rantse a motarsa zan je. Ɗana Mehluli ya cire murfin gaban injin don ya duba sarƙar taimin, wato wadda ke daidaita bugun injin. Sai ya tarar ɗan faifan da ke watsa baƙin mai a juye yake, fuskar da ya kamata ta kalli waje tana kallon ciki, sarƙar tana gogarsa duk shekarun nan. Wai ƙarar ke nan. Ya ce sarƙar ta ci, tana iya tsallake haƙori ta bar mu a daji. Yana so ya sa sabuwa, ya ɗaura faifai daidai. Na ce ya mayar da komai yadda ubansa ya bari. Ya ce na fi son ƙara da raina. Kwana tara ba ma magana. Ba na so a ce mijina ya yi kuskuren ɗan koyo, kuma in motar ta yi shiru me ya rage mini?

Mai Sauraro, Luveve

'Yar'uwa Mai Sauraro, Allah ya ƙara haƙuri.

Na kai wasiƙarki wurin wani tsohon bakanike da ya san irin motocin nan. Ya ce Mehluli yana da gaskiya, sarƙar da ta ci haka ba ta da amana, kuma hanyar Tsholotsho ba wajen gwaji ba ce. Ki bar shi ya canza.

Ke ma ba ki yi wauta ba. Ɗanki ƙarfe yake gani, ke sallamar mijinki kike ji. Ki zaunar da shi ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, har da Lahadin. Ina zaton bai sani ba. Ya sayo wani faifan, ke ki karɓi tsohon ki adana. Zanen da sarƙar ta yi a jikinsa dawowar mijinki gida ce ta shekara ashirin.

Batun kuskure kuma, wataƙila da farko kuskure ne. Amma tsohon nan ya ce duk bakaniken ƙwarai zai gane ƙarar nan cikin mako ɗaya, gyaran kuwa aikin yini guda ne. Mijinki ya sani, 'yar'uwa. Ya ce zai gyara, kika ba shi amsa, ya ajiye sifana bai sake ɗauka ba. Ki daina kiran abin halin maza.

Ƙarar tana gaya miki yana tafe ne. Wannan karon ke ce mai zuwa wurinsa, ki hau motar da za ta kai ki. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Anti MaNkala