Dokin ƙofar zaure

Daren Laraba, Ƙofar Wambai

Bayana kamar zai tsinke, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau ma dokin ƙofar zaure ya tare keken guragun ɗana Sadiƙu. Ƙafafunsa a sandare suke tun haihuwa, ga shi ya yi nauyi, goyonsa har haki yake sa ni. Kullum sai na sauke shi ƙasa, na tsallakar da keken, sannan na dawo na ɗauke shi. Yau na yi haka yaran unguwa suna kallo, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ki bari, na fasa zuwa islamiyyar."

Maganar nan ta ƙona min rai.

Bayan la'asar na sami surukina a zaure, na durƙusa na roƙe shi a sassare dokin ƙofar. Ya ce, "Mahaifina ne ya ɗaga shi saboda ruwan damina. So kike ruwa ya cinye mana gida?"

Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Na ce, "To Baba, a bar shi. Ka ba ni izini in yi masa gangare ciki da waje."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ruwa zai wanke."

Na ce, "In ya wanke, in sake." Sai ya ba ni izini.

Na riga na kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bayan ɗaki, gobe zan yi gangaren. Kafin a koma islamiyya ranar Asabar ta bushe. In Allah ya yarda, Sadiƙu zai fita ƙofar gidan kakansa yana zaune, kansa a ɗage.