Waƙoƙin Baban Biba

Agadas, Maris 1966

Ƙawata Fulera,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya Yamai, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Innarki Baturiya tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi, jiya har kasuwa ta taka. Ɗiyata Biba ta shiga lekol, makarantar boko, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ki dawo.

Ranar Asabar mun ji ki a rediyo. Maƙwabta sun cika mana tsakar gida. Da muryarki ta fito, sai maigidana ya tashi ya juya mana baya. Kin san Baban Biba, ba ya so a ga idonsa. Daga baya ya ce kin riƙe numfashi daidai inda ya koya miki, sai dai mai gangar da suka ba ki yana da gaggawa.

Na tuna lokacin da ya dawo daga soja a Faransa da faifan baƙaƙen Amurka, waƙar da suke kira soul, da manyeton nan nasa na ɗaukar murya. Mutane suka ce kansa ya taɓu, don in ya tashi daga gareji sai ya zauna yana haɗa kiɗan tende, gangar turmin nan ta mutanen Abzin, da gita da ƙahon Nasara. Shi kuwa ya ce kukan da ke cikin muryar mutanen nan, shi ne na matan Abzin idan ayarin gishiri ya kama hanyar Bilma. Ni na kai ki wurinsa, don na san muryarki tun muna aji ɗaya. Shekara biyu yana tsara miki waƙa, yana sa ki maimaita har ki yi kuka, ina dama muku fura. Yau ga shi ƙasa duka ta ji.

Ya ce in gaya miki, in mutanen Abijan da gaske suke za su buga miki faifai, ki je, kada ki ji tsoro. Waƙoƙin ya ba ki. Roƙonsa ɗaya, kada a taɓa kiɗan.

Allah ya tsare mana ke.

Taki har kullum,
Kadidia

Agadas, Janairu 1968

Fulera,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da duk wanda kike tare da shi a Abijan. Innarki lafiya. Biba ta yi ƙyanda amma ta tashi.

Faifanki ya iso, Illiya direba ya kawo mana tare da zanen da kika aiko. Kin yi kyau a hoton da ke kan kwalin. Na juya bayan kwalin ina neman inda aka sa wanda ya tsara waƙoƙin, sai na ga Mushe Hamidu, kamar yadda ake kiransa da Faransanci, shugaban makaɗanki na can. Ƙarƙashin kowace waƙa, Hamidu. Har wadda maigidana ya yi ranar da muka binne ɗanmu na fari, wai Hamidu. Na miƙa masa kwalin, ya karanta, ya ajiye. Abin da ya ce kawai, mai busa ƙahon ya iya aikinsa.

Na ce ƙila kuskuren masu bugawa ne, na rubuta miki. Shiru. Na sake rubutawa. Shiru.

Bari ki ji abin da faifanki ya yi a garin nan. Babu gidan biki da ba a sa shi. Samari sun kafa ƙungiyoyi, kowa da gita da tende, daga nan har In-Gall. Kiɗan Fulera suke ce masa. Waɗanda jiya suke cewa maigidana ya haukace, yau 'ya'yansu ne ke kwaikwayonsa, ba su ma san shi suke kwaikwayo ba.

Ranar bikin Jamhuriya a watan jiya aka gayyace shi da mutanensa su yi wasa. Ya ɗauko waƙar ɗanmu, ya yi ta a hankali, yadda ya tsara ta tun farko, ba da saurin da aka sa mata a Abijan ba. Ina zaune cikin mata sai na ji an fara gunaguni. Wani ma'aikacin gwamnati da aka kawo daga kudu ya miƙe ya ce, "Malam, ba haka take a faifai ba. In ba ka iya waƙar mutane ba, ka bar ta." Aka yi dariya, Fulera. Har da waɗanda suka sha zama a zaurenmu suna jin kina koyonta. Ba wanda ya tsaya masa.

Ya kai waƙar ƙarshenta, ya sa gitarsa a jaka, muka taho gida. Tun ranar bai taɓa ta ba. Makaɗansa sun watse, biyu ma sun koma wurin samarin.

Ban ce ke kika rubuta sunan Hamidu ba. Amma kin iya karatu, tare muka koya.

Zanen yana da kyau. Ban ɗinka ba.

Kadidia

Agadas, Nuwamba 1969

Fulera,

Ina gaishe ki, ina fata jikinki lafiya. Innarki ta tsufa ƙwarai, ido ya fara gaza mata, ni nake kai mata tuwo. Biba ta daina tambayarki.

Wasiƙarki ta zo. Na ji faifai na biyu, wanda Hamidu ya tsara da kansa, bai karɓu ba, kuma yanzu kina son sababbin waƙoƙi. Kin cika takarda da yabon maigidana, kin ce babu kamarsa. Wannan maganar a bayan kwali ake rubuta ta, ba a wasiƙa ba.

Yanzu yana Arlit, inda ake gina sabon gari, yana gyaran manyan motoci. Sai ya yi wata biyu bai zo ba. Da ya zo na karanta masa wasiƙar ban rage komai ba, don ina so in ji ya ce a'a da bakinsa. Na daɗe ina jiran wannan a'ar.

Bai ce ba. Ya shiga ɗaki ya sauko da gitar, ya share ta, ya gyara tsirkiya. Ashe duk tsawon lokacin nan, yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, waƙa yake tsarawa a ka. Kuma duk a kan muryarki ya auna su, inda za ki hau, inda za ki ja numfashi. Na ce masa ai matar nan ta ci amanarka. Ya ce ya sani, amma ba wadda za ta iya ɗaukar su sai ke, shi kuwa ba zai iya barinsu su mutu a cikinsa ba. Wannan ya fi mini ciwo da dariyar ranar biki.

Yana buƙatar muryar mace don ki ji yadda suke, ba kuwa wadda zai roƙa a garin nan. Saboda haka muryar da za ki ji a zaren manyeton da Illiya zai ba ki, mai rawa, mai ƙarewa kafin baiti ya ƙare, tawa ce. Ki yi haƙuri da ita.

Kafin mu fara na ce ya faɗi sunansa a farkon zaren. Ya ƙi. Sai na jawo abin maganar gabana. Kin san tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabanki. Ranar na kira, da ƙarfi, yana zaune yana kallon ƙasa. Na ce, "Waɗannan waƙoƙin Nomau ɗan Alkasum ne, mutumin Agadas."

Yana nan a farkon zaren, bai kai tsawon hannu ba. In ya dame ku, almakashi kawai ake buƙata.

Ki gaida Mushe Hamidu.

Kadidia, matar Nomau