Wayoyinsu Lafiyarsu Ƙalau

Zuwa gare ki, sanyin idona, ƙanshin ƙasa bayan yayyafin farko, inuwar da zuciyata ke gudu ta fake a ciki idan rana ta take a kan rumfata. Ya ke kurciyar da kukanta ke kwantar da tashin hankali, ke da kalamanki suka fi zuma zaƙi, kuma duk da haka likita bai hana mai ciwon sukari shan su ba! Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka hana shiga ofishinku, amma ba a hana shi rubutu ba.

Yayanki ya biyo ta rumfa ɗazu. Yana tsaye yana latsa wayoyin mutane kamar nasa, ya faɗa mini wai kin ce kin gaji. Wai a taron shugabannin ƙungiyarku ba za ki buɗe baki ba, za ki zuba ido su rufe saƙon mako-mako da kike rubuta wa masu ciwon sukari da Hausa, su koma aika na Turanci shi kaɗai. Wallahi sukundireba faɗuwa ta yi daga hannuna. Ke? Ke za ki yi shiru? Kogi yana gajiya da gudu ne? Wata yana cewa yau kam ba zan fito ba, tunda wasu sun rufe tagoginsu?

Bari in tuna miki yadda aka fara, tunda na ga alamar kin manta ko ke wace ce. Baba tela, maƙwabcin rumfata, shi ya fara ajiye mini wayarsa ya ce ta haukace. Imel ɗin da ƙungiyarku ke turo masa ya cika da tarkace, kalma ta fara lafiya sai ta rikiɗe a tsakiya ta zama wasu baƙaƙe masu huluna da wutsiya, kamar kaji sun yi tsere a kan rubutun. Na buɗe wayar, na share, na sabunta, na jijjiga ta har na ji kunya. Lafiyarta ƙalau. Kafin in gama mamaki sai ga mai sayar da kwanuka da tata, ga direban da ke ajiye motarsa a bayan layinmu, ga wata dattijuwa da ta naɗe wayarta a hankici kamar mai ɓoye abin kunya. Dukansu sun je ofishinku, kuma amsa ɗaya aka ba su: wayoyinku ne na arha, ku kai gyara ko ku canza. Dattijuwar nan har haƙuri ta ba ni don ta kawo mini waya maras daraja. Haƙuri fa! A kan laifin da ba nata ba!

Na ja ƙyauren rumfa da rana tsaka na nufi ofishinku, bakina cike da zagi har yana zuba. Ina ganin wurin nan har yanzu: dogon benci mai ƙafa ɗaya gajeriya, fanka tana kuka a sama, tebur a lungu da tulin takardu da kofin shayin da ya huce. Na tambaya da ƙarfi wane maras aikin yi ne ke aika wa marasa lafiya wannan shara. Kika ɗago kai, kika ce ke ce, sannan kika tambaye ni ko zan zauna ne ko a tsaye na fi iya zagi. Na zauna. Ni da ko Inna ba ta iya zaunar da ni sai ta haɗa da muciya! Kika ɗauko wayarki kika karanta mini saƙon yadda ya fito daga hannunki: yadda mai ciwon sukari zai riƙa duba ƙafarsa kamar uwa na duba jinjiri, ya tsane ruwa tsakanin 'yan yatsu, ya zazzage takalmi kafin ya sa don kada tsakuwa ta ji masa ciwon da ba zai ji ba. Ya Allah, wace irin murya ce wannan? Ruwa ne ke gangara a kan dutse, iska ce ke ratsa ganyen gero. Na shigo da wuta, na fita ina neman inda na ajiye ta.

Kin san dalilin da ya sa abin ya ci ni haka, gimbiyata. Ban daɗe a aji ba. A jikin kwalayen waya na ƙarasa koyon karatu, da tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kayan gyara a ciki, kuma ina alfahari da hakan a gaban kowa. Na san yadda mutum ke bin layi da ɗan yatsa, yana kama kalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai kamun fara. Irin wannan mai karatu, idan kalma ta fashe masa a hannu, ba ya zargin na'ura. Kansa yake zargi. Sai ya ce ni ne ban iya ba, ya kife wayar. Abin da aka yi wa mutanenki ke nan, aka kuma ƙara musu da gori.

Kuma wa ya fara gano bakin zaren? Kada ki bari kowa ya ƙwace miki wannan, har ni. Ranar da kika zo rumfata kika jera wayoyin nan a kan teburina, tsakanin kwanon ƙusoshi da ƙarfen dalma, kika sunkuya kina dubawa, ni kuwa ina duba gefen fuskarki ina yi kamar ina aiki. Ke kika ce ɓarnar nan tana da tarbiyya. Duk inda kika sa ƙ, tarkace iri ɗaya ne guda biyu ke maye gurbinsa a kowace waya. Ɗ yana da nasa biyun, ɓ yana da nasa, sauran haruffa kuwa ba abin da ya taɓa su. Kika ce waya mai lalacewa ba ta iya yin kuskure da tsari haka. Na ji kamar in tsayar da duk masu wucewa a layin in ce ku zo ku ga kai!

Sai ranar da na koma ofishinku na tunkari manajanku. Na san a nan ranki ya ɓaci da ni, kuma tun daga lokacin amsoshinki suka gajarce kamar inuwar tsakar rana. Mutumin ya dube ni daga sama zuwa ƙasa ya ce na'urori ba don irin harshenmu aka ƙera su ba, ya nuna mini kwamfutarsa inda saƙon ya fito tas, ya ce ga shaida. Na faɗa masa abin da na faɗa. Ban janye ko kalma ɗaya ba, sai dai watakila zancen da na yi a kan girman kujerarsa da ƙanƙantar tunaninsa, shi ma don maigadi ya yi dariya ne har ya kusa rasa aikinsa. Aka raka ni ƙofa. To, an raka ni. Ƙafata aka fitar, maganar tana nan ciki.

Yanzu ki saurara, hasken safiyata, ga albishir ɗin da ya sa na ɗauki rubutu. Injiniyan da ke duba muku kwamfutoci ya zo rumfata canza gilashin wayarsa. Na shirya ƙinsa tun daga nesa, sai mutumin ya ɓata mini shiri, ya zama mutumin kirki. Na faɗa masa abin da kika lura da shi, ya jawo kujera, ya nuna mini yadda ake buɗe bayan imel a ga abin da ido ba ya gani. Na yi ta karantawa a kai duk lokacin da kasuwa ta lafa, da ƙamus a cinyata, har na fahimce shi yadda zan iya faɗa miki da bakina.

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi lamba yake zama kafin ya yi tafiya, idan ya isa kuma a duba jadawali a mayar da shi harafi. Wayarki da babban jadawali take rubutu, wanda ake kira UTF-8, mai ɗauke da haruffan harsunan duniya, kuma a cikinsa kowane harafinmu mai ƙugiya lamba biyu yake ci. Sakatariya tana zuba rubutunki a shafin nan mai launi da tambarin ƙungiya, kuma a cikin shafin an rubuta daidai cewa da babban jadawali za a karanta. Amma manhajar da ke aika saƙon tana manna wata sanarwa a goshinsa, tun daga wani tsohon saiti da ba wanda ya waiwaya, tana cewa a karanta da ƙaramin jadawalin da bai san ƙugiya ba. Saƙo ɗaya, baki biyu! Wayoyin bayin Allah suka gaskata goshi, suka ɗauki lambobin nan biyu a matsayin haruffa biyu dabam, suka zubo tarkace. Kwamfutar manaja ta bi abin da ke cikin shafi, ta nuna masa daidai. Su kuma a ofis, duk gwajinsu kansu suke aika wa, su buɗe a kwamfutar da ta aika, su yaba wa juna. Wayoyin nan da aka raina umarni suka bi, ba su ƙara ba, ba su rage ba.

Ga kuma wanda ya sa na yi dariya har na ƙware: na Turancin ma a karye yake isa. Mun buɗe shi a wayar direba, duk inda 'yar alamar nan mai lanƙwasa ta saman kalma take, ta tarwatse ta zama tarkace. Ba wanda ya kawo ƙara ne kawai, don ba mai karanta shi. Ashe da abin da za su gudu gare shi da abin da suke gudu, ciwo ɗaya ke damunsu.

Injiniya ya gyara saitin, goshi da ciki suka zama baki ɗaya. Muka sake tura saƙon ƙafa zuwa wayar Baba tela. Kaico, da kina nan! Ya tsayar da keken ɗinki, ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan gilashi ya fara bi a hankali, yana karantawa a fili. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kowane ƙ ya tsaya da ƙugiyarsa kamar zakara a kan katanga. Da ya kai ƙarshe sai ya sunkuya ya cire takalminsa a gaban jama'a ya zazzage, sai ga ɗan guntun allura ya faɗo. Ya daɗe yana kallon sa a tafin hannu. Ni kuwa na juya ina neman wani abu a cikin akwati, don idona ya yi abin da ban ba shi izini ba.

Wannan shi ne aikinki, tauraruwata. Wannan ne abin da kike shirin bari a binne ba tare da kin ce uffan ba. Gyara ya gyaru, amma manaja ya riga ya shigar da shawararsa ta rufe saƙon Hausa, kuma irinsa ba ya son a ga ya juya. Injiniya ya ce shi aikinsa waya da saiti, ba a gayyatarsa taro. Ni kin san matsayina, ko inuwata maigadi ya gani sai ya miƙe. A cikinmu duka ke kaɗai ke da kujera a ɗakin nan. Ina roƙon ki da girman abin da ke tsakaninmu, ki tashi daga kanta ki yi magana. Ba sai kin ɗaga murya ba, wannan ɓangaren na riga na yi mana shi har ya yi yawa. Ki ce kawai a tura sabon saƙon, a buɗe shi a wayar maigadi, a wayar mai shara, a kowace waya banda kwamfutar da ta saba yabon kanta. Sannan ki karanta musu shi da muryar nan da ta zaunar da ni. Wane dutse ne zai ji ta bai tsage ba?

Ni kuma ga alkawarina, kuma kin san bai zo mini da sauƙi ba. Ranar taron zan tsaya a tsallaken titi, gindin bishiyar da ke kallon tagarku, bakina a rufe. Ko manaja ya fito ya taka mini ƙafa, sannu zan ce masa. Da na faɗa wa Inna, cewa ta yi idan na cika wannan za ta kai ni asibiti a duba ni. Ta kai ni! Zan haɗiye kowace kalma ko da za ta ƙone mini maƙogwaro, don ranar taki ce, kuma ba na so a ce an ji ki ne saboda wani mahaukaci yana ihu a waje. Ina so su ji ki don ke ce mai gaskiya. Idan kika ji kamar za ki fasa, ki leƙo ta taga. Za ki ga mutum mafi surutu a layinmu tsaye kamar turke, yana kallon sama, yana fama da harshensa saboda ke.

Ko sun amince ko sun ƙi, ni na riga na zaɓi gefena, kuma ba na canzawa kamar yadda rana ba ta canza mafita. Fushinki ma ina son sa, in dai ni za ki yi wa shi har tsufa. Amma shirun nan kada ki ba su shi kyauta. Ki shiga ɗakin nan da kanki a sama.

Naki, jiya da yau da duk abin da ya rage mini na numfashi,
Mai gyaran wayar da aka kora, wanda zai jira ki a gindin bishiya.