Ƙorafi Kan Kujerar Doña Eduviges da Aka Kulle a Sito

Daga: Yocasta Peguero Almánzar,
Sashe na 5B, Benen Aldaba,
Ciudad Colonial, Santo Domingo.
14 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Mai girma Licenciado Bienvenido Liranzo,
Shugaban Kwamitin Kula da Benen Aldaba.

Game da: Ɗauke kujerar mahaifiyata daga ƙofar bene, da roƙon a dawo da ita kafin Lahadi, 26 ga wannan wata.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin mahaifiyata, Doña Eduviges Almánzar, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ke zaune tare da ni tun watan Nuwambar bara. Ba ita ta sa ni rubutu ba. Da ta sani ma da ta hana.

1. Mama ba da son ranta ta zo benen nan ba. Ta faɗi a banɗaki a gidanta na garinmu Cotuí, ta wuni a ƙasa kafin maƙwabta su ji, ni kuma na dage sai ta dawo wurina. Ta ce ita ba tantabara ba ce da za ta zauna a hawa na biyar. Na yi mata daɗin baki: akwai lif, akwai maigadi, ga asibiti kusa. Ban gaya mata cewa rabin sassan benen na baƙin haya ne masu kwana biyu su wuce ba, ko cewa daga ranar Alhamis kiɗan mashayu ba ya barin kowa ya ji kowa. Cikin duk kayanta abu ɗaya ta ce dole a ɗora a mota, wato kujerarta mai lilo, ta katakon maɗaci da saƙar kaba, wadda marigayi mahaifina ya sa aka yi mata.

2. Kamar yadda kowace tsohuwa ke yi a garinmu, idan rana ta yi sanyi sai Mama ta sa a sauko mata da kujerar zuwa ƙofar gida, ta zauna da gahawarta tana kallon titi. Ba ta tare wa kowa hanya, a jikin bango take. Cikin 'yan makonni ta san unguwar fiye da ni da na shekara huɗu a cikinta. Masu kai abinci a gidajen abincin layinmu, da 'yan acaba, da makaɗan da ke zuwa aiki da yamma, duk sukan tsaya su nemi albarkarta, ta dafa kansu ta sa musu, ta haɗa da faɗa idan ta ga rigar mutum a yamutse. Wannan zaman shi ne abin da ya rage mata na Cotuí. Magriba na yi take hawowa da kanta.

3. A taron masu sassa na Asabar, 16 ga Maris, an kawo dokar hana ajiye kowane irin kaya a ƙofar shiga. Bayanin da aka yi mana shi ne baƙin haya na zubar da babura masu caji da ledojin shara a wurin. Kan wannan na ɗaga hannu. Ina zaune a layin gaba, kuma kai shaida ne ni na fara ɗagawa, har ina ƙara cewa darajar gidajenmu na zubewa. Allah ya sani ko kaɗan kujerar Mama ba ta zo mini a rai ba, domin a wurinmu kujerar tsohuwa a ƙofar gida ba kaya ba ce. Ba wanda ya faɗa a taron cewa dokar ta shafi mutum. Amma hannuna na cikin waɗanda aka ƙirga, ban musa ba.

4. Ranar Juma'a, 3 ga Mayu, da yamma, bisa umarnin ofishinka, maigadi Amaurys ya zo ya roƙi Mama ta tashi, ya ɗauki kujerar ya kai sito ya kulle. Ban ga laifinsa ba, aiko shi aka yi, kuma sai da ya cire hula ya ba ta haƙuri. Ƙorafina shi ne ba a rubuto mini ba, ba a kira ni ba, aka tayar da tsohuwa tsaye a gaban jama'a da kofi a hannunta.

A nan ya zama dole na faɗi inda nake a lokacin, tunda Amaurys ya gan ni, kuma gara ka ji daga bakina. Ina tsallaken titi, a teburin gidan abincin da ke kallon ƙofarmu, tare da shugabata ta wurin aiki da wasu baƙi biyu. Na ga komai tun daga farko. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, shugabata ta ce ai gwamma da aka fara tsaftace ƙofofin nan. Ni kuwa na sunkuyar da kai a faranti. Ban tashi ba, Yallaɓai. Ban ce uwata ce ba. Mama ta hango ni, muka haɗa ido, sai ta juya ta shige lif tana dafa bango. Da na hawo, abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Kin gama cin abincin? Na ji tsoron kada ya huce miki." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

5. Ina jawo hankalinka, cikin ladabi, cewa mashayar da ke haya a ƙasan benenmu ta jera tebura takwas a daidai wannan ƙofa, har mai keken guragu sai ya sauka titi. Ba a kai ko ɗaya sito ba.

6. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne tallar da kwamiti ya sa a intanet don jawo masu haya. Hoton farko a cikinta Mama ce a kan kujerarta, tana dariya, an rubuta a ƙasa wai a zo a ga ainihin rayuwar unguwa. Ba a nemi izininta ba. Haba, Yallaɓai! A hoto ta yi kyau, a ƙofar kuma ta zama shara? Har yau da safe hoton na nan.

7. Tun ranar Mama ba ta sake saukowa ba. Na sayo mata sabuwar kujera na ajiye a baranda, ba ta ko kalle ta ba. Abinci sai ta taɓa ta ture. 'Yan acaba sukan tsayar da ni su tambayi lafiyarta. Da safe idan na nemi albarkarta takan ce Allah ya yi mini albarka, yadda ta saba, amma hannunta na kan cinyarta, ba ta ƙara dafa kaina ba. Ta kira ƙanena Radhamés a waya, sun shirya zai zo ya mayar da ita Cotuí ranar Lahadi, 26 ga wata, wadda ta zo daidai da Ranar Iyaye Mata. Radhamés direban babbar mota ne, ba ya kwana gida. Ma'ana za ta koma ita kaɗai cikin gidan da ta faɗi, kan santsin banɗakin nan da har yanzu ba a gyara ba. Ta riga ta ɗaure kayanta. Kujerar kaɗai take jira.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, da girman Allah, ya yi waɗannan abubuwa. A fito da kujerar daga sito. A ba da izini a rubuce cewa tsoho ko tsohuwa na benen nan na iya zama a ƙofar gida da yamma, kafin a kira taro a gyara dokar, kuma ni zan tashi a taron na nemi gyaran da bakina. A cire hoton Mama daga tallar, sai dai idan ita ta yarda.

Ban sani ba ko wannan zai sa ta kwance kayanta. Mai yiwuwa na makara. Amma ina ƙara roƙo ɗaya: idan za a dawo da kujerar, kada a ba Amaurys ya hawo da ita. A miƙa mini ita a hannuna ranar Juma'a da yamma, lokacin da teburan tsallake suka cika. Ni zan ɗauke ta na ajiye a jikin bangon, na sauko da Mama idan ta yarda ta biyo ni, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Idan kwamiti ya ga wannan karya doka ne, a rubuta laifin da sunana, a ƙara da cewa 'yar Doña Eduviges ce.

Ina jiran amsarka cikin girmamawa da ƙanƙan da kai. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da naka iyayen.

Taka mai biyayya,

Yocasta Peguero Almánzar
Sashe na 5B